Cakulan a Rana Tsaka, ko Tiyar Shinkafa?

A Amurka, idan makaranta na neman kuɗin gyara ko na tafiyar ɗalibai, sai a raba wa yara kwalin cakulan su bi gida-gida suna sayarwa, kamfani ya ɗauki rabonsa, makaranta ta kwashi saura. Har kamfani guda akwai a Shikago, World's Finest Chocolate, da wannan ce sana'arsa. Mu da muka shekara muna roƙon iyaye su sauke wa 'yan mata farantin talla su tura su aji, ashe Bature ma talla yake ɗora wa nasa, sai dai ya naɗe ta da takarda mai ƙyalli.

Wani ƙanenmu da ya dawo daga karatu ya kawo wannan shawara a taron iyaye da malamai, ranar da ake maganar rufin aji da iska ta kware. Na ce masa, ƙane, cakulan ko a tafin hannu narkewa yake, balle a Mafara cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Ka aiki yaro kasuwar Talata da kwali, kafin azahar ya dawo maka da kunu.

To, ku masu taɓe baki a bayan aji, na ji ku. Alhaji ya ce, "Mutane ba su da kuɗɗi, mi za su ba da?" Alhaji, wa ya ce maka kuɗi ake nema? Tun 1978 da kamfanin Impresit na Italiya ya gama dam ɗin Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, mutanen Mafara da Bakura da Maradun ba su jiran damina kaɗai. Da rani ana yankan shinkafa, ana haƙar dankali, ana cire albasa da tumatir. Wanda zai rantse maka aljihunsa ba ko sisi a tsakiyar wata, je ka same shi a masussuka ranar da yake ɗinke buhu. Tiya ɗaya a kan kowane buhu ba ta taɓa hana kowa barci ba. A tara, a adana, a jira farashi ya tashi da bazara kafin a sayar. Ai haka kai ma kake yi da taka, kada ka yi mana kamar ba ka san zancen ba.

Wanda ba shi da buhu yana da ƙarfi. Gayya fa ba mu aro ta daga kowa ba. A nemi fili ɗan madaidaici a gefen kanal a ce gonar makaranta ce, iyaye maza su fito dashe da ciyawa, mata su kawo fura, a samu mai ganga ya zuga. Ƙasar da ta haifi Musa Ɗanƙwairo, wanda kiɗan noma ne mafarin sana'ar gidansu, ba za ta rasa mai sa gardi ya manta da ciwon baya ba. Amma a bar yaran a aji. Idan an kore su daga talla aka kai su korar tsuntsu a gonar hedimasta, an gudu ba a tsira ba.

Malam kuma ya gyara rawani ya ce wannan duk bidi'ar 'yan boko ce. Gafarta Malam, kuɗin Laraba da almajirai ke kawowa fa, daga Landan aka turo su? Fatun layya da 'yan agajin Izala ke bi unguwa-unguwa suna tarawa kowace Babbar Sallah, masallatai da makarantu nawa suka taimaka aka gina? Abin da mai gida zai bari ya ruɓe a bayan ɗaki ne ya zama bulo.

Wanda ba na iya yi wa dariya shi ne tsohon da ya tambaya a hankali, "Wa za shi riƙe?" Baba yana da gaskiya. Mutanen da aka karɓe musu gonaki saboda aikin dam ɗin nan da alkawarin diyya, suka tare hanya a 1980 aka buɗe musu wuta a Birnin Tudu, ba za ka zarge su ba idan sun ji "ku kawo, za a yi muku" suka kama aljihu. Mun kuma sha ganin ƙaddamar da gidauniya inda babban baƙo zai yi shelar miliyan a lasifika, a tafa, a sha lemo, shekara ta zagayo ba a ga ko kuɗin hayar rumfa ba. Shi ya sa na fi son shinkafa. Buhu ba ya shiga aljihun babbar riga. A ajiye a ɗaki mai makulli uku, ɗaya wurin liman, ɗaya wurin shugabar mata, ɗaya wurin wanda ya fi kowa ƙorafi a gari. A rubuta lissafin da alli a bangon makaranta, wajen da ke kallon hanya.

Makulli na ukun nan kuwa, Alhaji, an riga an yanka, kuma sunanka aka rubuta a jiki. Ka zo da tiyarka ranar da za ka karɓa.