Ana Dai Ɗan Samu Ko? Masu Cin Gefen Aiki Daga Gumel Zuwa Maigatari

A ƙasar Gumel idan yaro ya sami aiki, ba mai ɓata bakinsa wajen tambayar nawa ne albashi. Albashi ba sirri ba ne. Mafi ƙanƙantarsa ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, ya kai 70,000 a 2024, kuma duk sanda ya motsa, mai awo a kasuwa ya riga mai albashin jin labari. Abin da dattawa ke tambaya bayan an shafa fatiha shi ne, "To, ana dai ɗan samu ko?" Suna nufin abin da ke gefen aikin: alawus, la'ada, ihisani, na goro, kwanon tuwo ko makullin mota. Wani a rubuce yake cikin takardar ɗaukar aiki, wani kuwa ko da wasa alƙalami bai taɓa bi ta kansa ba. Na rubucen shi ke makara. Wanda ba a rubuta ba, da wuya ya saɓa alkawari. Ga kaɗan daga masu cin kowanne.

Ɗan bita

Teburinsa yana sakatariyar ƙaramar hukuma, zuciyarsa tana Dutse. Ko raɗa aka yi da kalmar "bita" a ofishin da ke ƙarshen baranda, kunnensa ya ɗauka. Ba ruwansa da abin da za a koyar. Jiya an horar da shi kan shayar da jarirai nonon uwa zalla, yau kan ciwon huhun shanu, gobe kan kwararowar hamada. Duk yana gyaɗa kai, domin darasin da ya kawo shi guda ɗaya ne, kuma sai ranar rufewa ake yinsa: sa hannu a takardar kuɗin mota da kuɗin kwana. Kuɗin otal ya shige aljihu, shi kuma ya shimfiɗa tabarma a zauren wani abokinsa da suka yi firamare tare. 'Ya'yansa ba su san ana sayen jakar makaranta ba, kowanne yana rataye da mai tambarin wani taro. Idan mai gabatar da ƙasida ya gama zuba ilmi ya ce, "Akwai mai tambaya?" hannunsa ne na farko a sama: "Ranka ya daɗe, ta banki za a turo, ko a hannu za a bayar?"

Dillalin kara

Ko ɗan akuya ba shi da shi, amma ranar Alhamis duk san da ya shigo karar Maigatari "namu" ne. Raƙuma da shanu da tumaki suna kwararowa daga Dungas da Magarya da Damagaram, manyan motoci suna layi za su kwasa zuwa Legas da Fatakwal, shi kuma yana tsakiya da sanda da babbar riga, yana sa albarka a dukiyar da ba ta san shi ba. La'adarsa sananniya ce, kowa na ganin sanda ake miƙa masa. Abin da ba a gani shi ne ɗan ratar da ke tsakanin mai dabba da ke lissafi da sefa da mai saye da ke lissafi da naira. A nan yake noma, a nan yake girbi. Ya ja wannan gefe ya ce, "Alhaji, wallahi don kai ne." Ya ja wancan ya ce, "Baffa, ka sallama, kasuwa ta faɗi." Kowa ya tafi yana gode masa. Bayan wannan akwai furar da baƙonsa ya saya masa, da tsiren da mahauci ya aiko, da igiyar da aka manta a wuyan sa. Aikinsa kwana ɗaya ne a mako, sauran shidan na ba da labarin yadda aka yi ne. Hutun shekara kuwa gwamnatin tarayya ce ke ba shi: da aka rufe iyaka a Agustan 2019, sai a Disamban 2020 aka buɗe ta Maigatari, sannan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya ƙaro masa wani. Hutu ne mai tsawo, sai dai ba biya.

Yaron Alhaji

A siton riɗi da zoɓo yake. Ka tambaye shi nawa ake biyansa, sai ya ɓata rai: "Biya kuma? Ai ni ɗan gida ne." Ɗan gida yana da kwano sau uku daga cikin gida, da shaddar sallah, da tsohuwar wayar Alhaji wadda ba ta ji sai an matse ta, da sharar sito da yake tankaɗewa ya sayar da yamma. A kan wannan duka akwai babban alkawari: "Ka dai yi haƙuri, ni zan yi maka aure, in sallame ka da jari." Alkawarin ba shi da rana, ba shi da shaida. Amma kada a yi wa Alhaji rashin adalci. Ranar da mahaifiyar yaron ta kwanta asibiti, hannu ya sa a aljihu ya biya, ba fom, ba hoto, ba "dawo gobe". Kuma attajirai da yawa da ake ji da su yau daga bakin siton wani suka taso. Illar dai ita ce, korar ma ba ta da fom. Da safe za a aiko ƙaramin yaro: "Wai in ji Alhaji, ka ba da makulli."

Malamin firamare

Ya gama Kwalejin Ilimi ta Gumel, aka tura shi wani ƙauye a Sule Tankarkar inda babur ke nutsewa cikin rairayi. Babbar garaɓasarsa ita ce dogon hutu yana faɗowa tsakiyar damina, saboda haka gwamnati na biyansa yana noman geronsa. Shi ne mai karanta wa gari saƙon waya, shi ke cike wa mutane fom, shi ake nema idan zaɓe ya zo ana ɗibar ma'aikatan wucin gadi. Ladan wannan yakan zo a ƙwarya: ƙwan zabi, ɗanyar gyaɗa, wani lokaci zakara idan ɗan mai unguwa ya ci jarrabawa. Takardar ƙarin girmansa takan iso a mota, kuɗinta su biyo baya a kan jaki. Duk da haka akwai abin da yake da shi wanda dillali ba zai saya ba ko da la'adar raƙumi goma: ya je neman alfarma wani ofishi a Dutse, sai mai babbar kujera ya miƙe tsaye ya ce, "Malam, ba ka gane ni ba? Kai ka koya mini baƙi."

Anti Nas

Shekara da shekaru, abin da gwamnatin tarayya ta yanka wa ma'aikatan lafiya a matsayin kuɗin kasada naira 5,000 ne a wata, har zuwa ƙarshen 2021. Wato tarin fuka da sanƙarau da kwalara, duk a kan wannan farashi. Ita tata alfarmar ba ita ke cinta ba, dangi ne. Tun ranar da ta sa fararen kaya, duk zuri'arsu suka daina bin layi. A gidan biki, kafin ta kai loma baki, gwaggo ta yaye mayafi ta nuna mata wani ƙurji: "'Yar nan, duba mini." Tsakar dare a buga ƙofa, yaron maƙwabta ne jikinsa ya yi zafi. A unguwa sunanta Likita, kuma ta gaji da gyara musu. Abin da take samu a gefe shi ne addu'a, buhu-buhu, da turmin atamfa daga mai jegon da ba ta manta alheri ba.

Direban oga

A 2003 gwamnatin Obasanjo ta ce a mai da gidan gwamnati da motar ofis su zama kuɗi a cikin albashi, kowa ya ji da kansa. Motar ofis dai har yau ba ta sami labari ba. A bakin direba sunanta "motarmu". Litinin zuwa Juma'a ta oga ce. Asabar tana cikin jerin ɗaukar amarya, Lahadi tana ɗauko buhunan gero daga gona a Gagarawa. Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, darajarsa ta ƙaru, domin shi kaɗai ya san lita nawa mota ke sha daga Gumel zuwa Dutse, da kuma lita nawa takarda ke sha. Amma babban jarinsa kunnensa ne. Ya ji wayar da aka yi a kujerar baya, ya san ƙofar da aka tsaya ba a sa ta cikin jadawali ba. Shi ya sa ake sauya sakatare, a sauya ma'aji, direba yana nan. Ko ya makara, abin da oga ke iya cewa bai wuce, "Malam, lafiya dai ko?"

Mai shinge

Wani da kaki, wani da rigar da ta taɓa zama kaki, wani kuwa igiya ce kawai da katako mai ƙusa. Bai taɓa roƙon kowa ba, gaisuwa yake yi. "Direba, ya hanya? Ka ga ranar nan kuwa?" Direba ya kalli rana, ya gane, ya dunƙule hannu ya miƙa. Takardun mota ba a cika damunsu ba sai ranar da hannun ya fito a buɗe. Ranar kasuwa ba ya ciwo, ba ya zuwa ta'aziyya, ba ya karɓar hutu. Cikinsu akwai masu tsoron Allah da ba sa karɓar ko ƙwandala, kuma direbobi sun haddace sunayensu tsaf, domin haddar ba ta da tsawo.

Kofa

Ɗan bautar ƙasa ne, daga Inugu ko Ibadan yake. Ranar da ya ga Maigatari a takardarsa ya duba taswira, ya ga sauran taku kaɗan ya fita daga Nijeriya, ya kira mahaifiyarsa suka yi kuka tare. Bayan wata biyu ya gano an ba shi ɗaki kyauta, nama ya fi na garinsu araha, kuma iyayen ɗalibai na aiko masa da fura. Alawinsa ya tashi daga 33,000 zuwa 77,000 a Maris ɗin 2025, ya zarce mafi ƙarancin albashi, alhali ba mata, ba 'ya'ya, ba gudummawar biki. Hausarsa jimla uku ce: "Ina kwana," "Nawa ne," "Rage mini." Da su ya sayi rago ya ɗaure a bayan makaranta. Ranar tafiya ya sake kuka, wannan karon a kan buhun wake.

Masanin alawus ɗin wasu

Mazauninsa bencin mai shayi. Tun zamanin Gwamna Saminu Turaki da aka kafa yankin ciniki maras shinge a Maigatari yake jiran kamfanin da zai ɗauke shi, da motar ma'aikata da inshorar lafiya. Kafin nan ya zama gwani a kan samun wasu. Ya san kuɗin tufafin ɗan majalisa, ya san akwai wuraren da ake biyan albashin wata na goma sha uku, ya san a Google can Amurka abinci kyauta ake ci. "Kyauta fa, Malam! Har da nama!" Yana faɗa yana miƙa kofi a ƙara masa ruwan bunu, a rubuta a littafi. Idan aka lura, shi ma kyautar yake ci, mai shayi ne dai bai sani ba tukuna.

Ɗan ƙwadago

Wannan ba takarda, ba ƙungiya, ba shugaba, amma ba ma'aikacin da ya kai shi kare haƙƙinsa. Kafin ya sa fartanya a ƙasa an yi jinga, kuma a cikin jingar har da abin da zai shiga ciki: kunu da safe, fura ko ɗanwake da rana. Kuɗinsa kafin faɗuwar rana, ba ariyas, ba kwamiti. Idan mai gona ya tsinka fura da ruwa, ba a kai ƙara ko'ina. Gobe da asuba zai zo bakin tasha ɗibar ma'aikata, ya tarar kowa yana da uzuri, ciyawa kuma ba ta jiran sulhu. Yajin aikin da ƙungiyoyi ke wata uku suna yi, shi a dare ɗaya yake gama nasa, kuma jibi furar har da nono.

Ɗan fansho

Da hantsi za ka sami 'yan fansho a inuwar darbejiya, suna yanke wa duk waɗanda aka lissafa a sama hukunci. Tsohon cikinsu har yau bai fita daga zamanin Udoji ba, lokacin da gwamnatin Gowon ta karɓi rahoton kwamitin Udoji na 1974 ta yi ƙarin albashi har da ariyas, masinja ya sayi keke da rediyo a rana ɗaya. A wurinsa duk alawus ɗin da ya zo bayan nan wasan yara ne. Jigawa ta kafa tsarin fanshonta na karo-karo tun 2001, kafin dokar tarayya ta 2004, kuma dattijon yakan yi alfahari da haka, ko da yake aikin da ya rage masa yanzu shi ne zuwa tantancewa, ya tabbatar wa hukuma da bakinsa cewa bai mutu ba.

Sabon shiga cikinsu kuwa, wanda garatutinsa ya faɗo makon jiya, ba ya zama. Shawara ta yi masa yawa: wani ya ce Makka, wani ya ce ƙarin aure, wani ya ce kiwo ya fi. Kiwon ya zaɓa. Ranar Alhamis ya saɓa babbar riga ya nufi kara neman bijimai biyu na turka, ya faɗa hannun dillalin nan, wanda shi kuma yake tara la'ada don ya kai ɗansa kwaleji, ko Allah zai sa yaron ya sami aikin gwamnati mai fansho. Dillali ya kama hannun dattijo ya ja shi gefe: "Baba, wallahi don kai ne." A haka kuɗin da aka yi shekara 35 ana jira suka biya la'adarsu cikin minti biyar, ba sa hannu, ba tantancewa.