Sautuka Biyar Kacal

Mai koyon jita ba ya daɗewa ake damƙa masa sautuka biyar: A, C, D, E da G, jerin da makaɗa ke kira ƙaramin pentatonik. Daga nan sai ya ga ya sauke karatu. Ya hau su, ya sauko, ya sake hawa da gudu, har maƙwabta su fara cigiyar gidan haya a wata unguwa.

Abin haushi, su ne dai sautukan da makaɗin jita Jimmy Page ya dogara da su a kiɗan da ya yi shi kaɗai (solo) cikin waƙar "Stairway to Heaven" a 1971, sai F da ya ɗan tsarma. Ya faro a natse, sai dab da ƙarshe ya haura saman wuyan jita yana nanata jimla ɗaya kamar mai bin bashi.

B.B. King kuwa, a zamaninsa, marowacin sautuka ne. Yakan danna tsirkiya ɗaya, ya tanƙwara ta, ya girgiza yatsa, ya yi shiru, 'yan kallo su cike gurbin da ihu.

Shi ma Albert King, a lokacinsa, da nasa salon tanƙwara tsirkiya: bahago ne, jitarsa a juye take, shi ya sa yake jawo tsirkiya ƙasa inda wasu ke tura ta sama.