Baƙin Faifan da Na Raina

Fijo 504 da na gada wajen mahaifina, haɗin Kaduna, ta koyi fito da tsufanta. Da na ɗaga ƙafa daga totur sai ka ji "fiii", silo ya hau rawa kamar mai zazzaɓi. Wani ɗan unguwarmu ya ce iska take sha ta gindin kafireta, inda ta haɗu da manifol. Ya ɗiga fetur a wurin, inji ya sauya murya nan take. Na ce ai wannan ba sai an je gareji ba.

Ranar Asabar na kwance kafiretar, ƙirar Solex. Fakin ya ruɓe. A ƙarƙashinsa kuma ga wani baƙin faifai mai kauri da rami a tsaka, ba ƙarfe ba, ba katako ba. Na juya shi, na rasa amfaninsa, na wurgar. Na yanko kwalin sukari, na laɓta masa gam, na ɗaure notuna har sai da sifana ta murɗe mini hannu. Fito ya ɗauke. Kwana uku ina tafiya kamar injiniya.

Sai gaisuwar surukai a Gusau, tsakiyar Afrilu. Muka gaisa, na ci tuwo a kunyace, aka rako ni har mota. Na murɗa makulli, shiru. Na sake, sai warin fetur. Surukina ya naɗe babbar riga.

"Baba, don Allah bari!"

"Kai dai riƙe sitiyari."

Har ƙarshen layi dattijo yana turi, yara na kirari.

Bakaniken da aka kira ya leƙa sau ɗaya. "Malam, ina faifan nan?" Ashe shi ke tare zafin inji kada ya hau kafireta. Fetur ba ruwa ba ne, kafin digiri 50 wani sashensa ya fara tafasa; in ka kashe mota da zafi sai ya tumbatsa cikin inji, ta shaƙe. Gam ɗin ma fetur ya narkar da shi. Notunan kuwa, a hankali ake bin su, ɗaya nan ɗaya can. Ya ɗora jiƙaƙƙen tsumma, muka jira ta huce.

Na dawo gida ina birkice bola. Uwargida ta ce me nake nema. Na kwatanta mata.

"Au, wannan? Yana kan tebur. Butar shayi nake ɗorawa, kada ta ƙona mini leda."