Ƙaurin Tsumma a Majalisar Mai Shayi

Duk wanda ya saba wucewa ta bakin lungunmu bayan sallar isha'i ya san majalisarmu ta gefen teburin mai shayi. Da can warin taba ke gaya wa mutum ya iso. Yanzu kuwa ƙamshin mangwaro ne, ko na kankana, wani daren na cingam, har yaran da aka aiko sayen burodi su riƙa waige-waige suna neman mai alewa. Sai dai jefi-jefi ƙamshin nan kan juye ya koma ƙauri, irin na tsumman da ya faɗa murhu. Kana jin haka ba sai ka tambaya ba, wani daga cikinmu ne ya sake ƙona koyil. Za ka gan shi ya dafe ƙirji yana tari, idanu sun kaɗa jawur, yana tsine wa 'yan Chana da wanda ya sayar masa da kayan.

Mu biyar ne a majalisar muka koma sigarin lantarki, dukkanmu da hujja ɗaya, wai za mu rabu da taba. Uku mun rabu da kara da gaske. Biyu kuwa suna haɗawa, na lantarki a gaban jama'a, kara a bayan katanga. In an yi musu tsiya sai su ce ai wanda ya ƙirƙiro abin ma haka yake. Kuma ba ƙarya suka yi ba. Hon Lik, mai harhaɗa magunguna ne ɗan ƙasar Chana, ya fito da sigarin lantarki na zamani a 2003, shi mashayin taba ne, mahaifinsa ma mashayi ne da kansar huhu ta yi ajalinsa, kuma daga baya shi da bakinsa ya shaida wa 'yan jarida cewa yana taɓa duka biyun. To ka ji madogarar malalata.

Baba mai gadin kantin da ke kallon majalisar shi ya fara gano mana bakin zaren. Wani dare da ƙaurin ya ishe shi sai ya taso da sandarsa ya ce da mai gyaran wayarmu, “Ɗana, warware min abin nan in ga me ke ci da wuta a ciki.” Aka kwance tanki, aka zaro ɗan ƙarfen nan da bai kai kan ɗan yatsa ba, wanda a jikin kwali ake rubuta masa atomizer, mu kuma muke ce masa koyil kamar na janareta. Aka fasa shi da filaya. Ba komai a ciki sai siririyar waya da aka naɗe da auduga, audugar ta yi baƙi ƙirin. Baba ya juya ta a tafin hannu, ya yi tsaki.

“Yo wannan ai lagwani ne. Ku da kuka taso zamanin tocila ba ku san fitilar ƙwai ba. Wa ya taɓa zura sabon lagwani ya zuba kananzir ya ƙyasta ashana nan take? Ai sai ya sha.”

Muka yi shiru, don duk iliminmu na YouTube bai wuce abin da tsohon nan ya faɗa ba. Batir ke tura wuta cikin wayar ta yi zafi, audugar ke tsotso ruwa daga tanki ta kai mata, zafin ya mai da ruwan tururi. Muddin audugar na jiƙe, ruwan ne ke ɗaukar zafin. Da zarar ta bushe, ita ce za ta ɗauka, kuma audugar da ta babbake sau ɗaya ta tafi ke nan, ko da ruwan Zamzam ka wanke ta ƙaurin ba zai fita ba. Abin da ake so da sabon koyil shi ne a ɗiga masa ruwa kaɗan a kan audugar da ke leƙowa ta 'yan ramukan gefe, a ɗaura shi, a cika tanki, a ajiye minti 5 zuwa 10. Mu fa? Tun a ƙofar shago muke ɓare leda, mu ɗaura, mu zuƙa. Sauri ya haifi nawa, kafin a iso gida an binne koyil.

Mai kabu-kabun cikinmu shi ne sarkin wannan ɓarna, amma tasa ta wani fannin ce. Shi gajimare yake so. In bai busa hayaƙin da zai rufe fuskar mai shayi ba, gani yake an cuce shi. A jikin kowane koyil akwai ɗan rubutu sirit da ke faɗin om nawa ne da kuma wat nawa zuwa nawa yake ɗauka. Mai om 1.0 ko 1.2 yawanci wat goma sha wani abu ya ishe shi, mai 0.15 ko 0.2 kuwa shi ke cin 60 zuwa 80. Mutumin namu bai taɓa karanta rubutun nan ba. Danna maɓallin ƙari yake yi har sai lamba ta ƙi motsi, kamar yadda yake murɗa totur a titin Zariya. Mai gyaran waya ya gaji da ce masa ya fara daga ƙasan lambar da aka rubuta, ya hau a hankali, ya tsaya a tsakiya. Amsarsa kullum ɗaya ce: “Yallaɓai, in da ba a so a kai ƙarshe, me ya sa aka sa ƙarshen?”

Sai kuma batun zaƙi, wanda a nan ba na ware kowa, har da ni. Mu mutane ne da ke zuba sukari cokali huɗu a kofin shayi sannan mu ce da mai shayi ya yi rowa, to ina za mu zaɓi ruwan da ba shi da garɗi? Ruwan nan haɗi ne na abu biyu da ake rubutawa PG da VG a jikin kwalba, sai nikotin da kayan ƙamshi. Masu ɗan karen zaƙin kuma ana ƙara musu sinadarin zaƙi irin su sukuralos, wanda ba ya tashi da tururi gaba ɗaya. Zama yake yi a kan waya yana dahuwa, yau kaɗan gobe kaɗan, har ya zama ƙanzo kamar na gindin tukunya. Daga nan ɗanɗano ya dusashe, ruwan tanki ya fara yin duhu, audugar ta toshe. Koyil ɗin da a ƙa'ida zai kai mako ɗaya ko biyu, ruwa mai zaƙi da duhu kan gama da shi cikin 'yan kwanaki. Telan majalisarmu ya koma ruwan na'ana'a fari tas marar zaƙi, muna ta yi masa dariya wai ya koma shan man goge baki. Nasa koyil ɗin yana ganin jana'izar namu uku kafin ya gaji.

Yanayin garin nan ma yana da nasa hannu. VG ɗin nan gilasarin ne, ɗan'uwan wanda mata ke shafawa da hunturu, kuma kauri gare shi. Da sanyin safiyar Janairu sai ya ƙara daskarewa kamar zuma, ya kasa ratsa ƙananan ramuka, mutum ya zuƙa ya ji ƙauri alhali tanki cike yake. Ƙananan na'urori sun fi son haɗin 50 da 50, manya masu faffaɗan rami su ke iya jan mai VG 70. Da bazara kuma, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40, sai ruwan ya tsinke ya riƙa yoyo, musamman ga masu barin abin a cikin mota ko ƙarƙashin kujerar babur. Akwai wanda ya je ɗaurin aure da farar shadda, ya dawo da taswira a aljihun gaba. Ban da ƙurar hunturu da ke shiga ta bakin zuƙa in an jefa shi aljihu ba murfi. Da azumi kuwa kasuwar masu koyil ke buɗewa, don ana shan ruwa sai mutum ya hau rama bashin yini, zuƙa kan zuƙa ba numfashi, ba ya barin lagwanin ya sake sha ko na 'yan daƙiƙu.

Tun da na ambaci gilasarin, bari in tsaya in ja kunne, wannan ba raha a ciki. Wani yaro ya taɓa kawo shawarar a tsinka ruwan da man shafawa ko turare don ya yi auki. Huhu ba ya narkar da mai. Daga 2019 zuwa farkon 2020 a Amurka an kwantar da mutane sama da 2,800 a asibiti, 68 suka mutu, yawancinsu saboda ruwan bayan fage mai sinadarin wiwi da aka gauraya da wani mai na bitamin E. Abin da ba don zuƙa aka yi shi ba kada ya shiga tanki.

Wajen saye kuwa halinmu sananne ne. Za mu zagaye kasuwa sau uku don ragin da bai kai kuɗin mai ba. Na taɓa sayo fakiti a wani shago rabin farashi, na zo majalisa ina taƙama na iya ciniki. Guda biyar ne a ciki, ba wanda ya kwana uku. Araha ba ta ado. Yawancin kayan nan daga birnin Shenzhen na Chana ake ƙero su, na gasken da jabun duka, kuma manyan kamfanoni kan sa ɗan wurin kankarewa a jikin kwali, kamar na katin waya, mai lambar da za a duba a intanet a tabbatar. Minti ɗaya ne aikin, amma mu da muke kankare kati sau uku a rana ƙyuya ke hana mu. In za ka saya, ka tabbata na irin tankinka ne, don kowane kamfani da nasa ƙira. Mai raga a ciki, wanda wayarsa ke shimfiɗe kamar rariya, ya fi raba zafi daidai a kan auduga, shi ya sa ba ya saurin ƙona wuri ɗaya. Ka kuma lura da ƙarfin nikotin: ruwa mai ƙarfi na ƙananan na'urori ne, ka zuba shi a mai om 0.2 sai jiri ya kwashe ka.

Mai gyaran waya shi ya fi mu duka dabara, don ya daina sayen na kwali. Irin tankin da ake naɗa wa waya da hannu ya samo. Yana da ƙullin wayar Kanthal, haɗin ƙarfe da kuromiyam da alminiyam, da ledar auduga marar sinadari. In ƙanzo ya taru sai ya zare audugar, ya ɗan ba wayar wuta a hankali har dattin ya ƙone, ya bari ta huce, ya ɗauraye, ya zura sabuwa. Waya ɗaya kan yi masa watanni. Na gwada sau ɗaya, na cusa auduga kamar mai ɗura katifa, ruwa ya kasa wucewa. Na rage, ta yi sako-sako, ya tsiyaye min a hannu. Na mayar masa da kayansa na ce Allah ya ba da sa'a. Abin da dai na ɗauka a wurinsa shi ne wanke tanki da ruwan ɗumi duk sanda zan canza koyil, in bar shi ya bushe sarai, in duba zoben robar bai tsage ba, kuma kada in bar ruwa ya sauka ƙasa da ramukan auduga. Shi ne kuma ya hana mu zuba batir tsirara a aljihu ɗaya da makullai da tsaba, don ƙarfe na haɗa kansa da gindinsa sai wuta.

Baba mai gadi dai har yau bai gamsu ba. Cewa yake mun gudu ba mu tsira ba, da muna bautar kwali, yanzu muna bautar caja. Ba na musu da shi, don nikotin ɗin nan shi ne dai na jiya, kuma wanda bai taɓa shan taba ba ba shi da abin nema a nan. Indiya ta haramta abin ɗungurungum tun 2019, Birtaniya ta hana sayar da irin na zuƙa-ka-yar daga ranar 1 ga Yunin 2025. Mu a majalisa dokarmu ɗaya ce da kowa ya yarda da ita: ba a miƙa wa yaro ko da ɗanɗane ne, kuma ba a barin kwalbar ruwa inda ƙaramin yaro zai kai hannu, don ƙamshin alewa take yi, abin da ke ciki kuwa guba ne gare shi.

Wanda kuma ya ɗauke min fakitin koyil a kan benci daren Talata, na san shi, shi ma ya san na san shi. Mai om 0.8 ne, ba zai shiga tankinka ba. Ka ajiye min a wurin mai shayi, ba zan tambayi wanda ya kawo ba.