Yadda Ake Ziyarar Batsari da Safana Ba Tare da Rogo Ya Kayar da Baƙo Ba

Masu rubuta jagorar matafiya a Turai ba sa barin baƙo ya huta. Wanda ya sauka Gidansk, birnin tashar jiragen ruwa na ƙasar Polan da ke bakin tekun Baltik, tun bai ajiye jaka ba za a ɗora masa aiki. Ya je Westerplatte, inda aka buɗe wutar farko ta Yaƙin Duniya na Biyu ranar 1 ga Satumba 1939. Ya leƙa ma'aikatar ƙera jiragen ruwa, inda Lech Walesa ya jagoranci yajin aikin 1980. Idan ƙafafu sun gaji, ya zauna ya ci pierogi, wani kwaɓin fulawa da ake ƙunshe dankali da cuku ko nama a cikinsa a dafa. Mutane na biyan kuɗin jirgi saboda wannan. Mutumin Kano ko Zariya kuwa, kuɗin mota kaɗai zai kai shi yammacin Katsina, inda akwai kogo, akwai tarihin mayaƙa, akwai kasuwa, akwai kuma abincin da zai sa ya ɗage ranar komawa gida. Abin da ya rage masa shi ne mai gaya masa yadda zai yi.

Shawarar farko ba ta raha ba ce. Batsari da Safana suna bakin dajin Rugu, kuma mutanensu sun sha wuya a hannun 'yan bindiga shekara da shekaru. A 2021 sai da aka katse layukan waya a yankin, aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin mako. A 2023 gwamnatin jiha ta kafa rundunar tsaro ta 'yan ƙasa, a 2025 kuma aka yi zaman sulhu a ƙananan hukumomin biyu. Saboda haka baƙo ba ya zuwa da ka. Ya sami mai masauki ɗan gari, ya kira shi kafin ya taso, ya yi tafiyarsa da rana, in aka ce masa yau kada a bi hanya kaza, ya ce to. Amma kada ya ce wurin da ya ga tashin hankali ya gama yawo. Tsohon birnin Gidansk kansa kusan kufai ya zama a 1945, aka sake gina shi gida bayan gida, yau ga shi duniya na zuwa kallo. Manoman Batsari ba su daina shuka ba, matan Safana ba su daina kirɓa fura ba, kuma sun cancanci a san su da wani abu ban da labarin hari.

To, a koma kan ciki.

Baƙo ya zaɓi ranar Alhamis, ranar da kasuwar Batsari ke ci. Ya kwana Katsina, ya yi sammako, ya fita ta wajen Ƙofar 'Yanɗaka ya nufi yamma. Babban kuskuren da zai iya tafkawa a wannan safiya shi ne ya tsaya wurin mai shayi ya cika tumbi da burodi da ƙwai. Wanda zai je Batsari da ƙoshi ya ci amanar kansa. Ruwan shayi zalla ya ishe shi, sauran wurin a bar wa mai wurin.

Mai wurin shi ne rogo. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman rogo, amma akasarinsa a kudu garin kwaki yake zama. A nan kuwa rogon ci ne, mai zaƙi, wanda ƙasar yashi ta karɓa, har sunan Batsari ya bi shi kasuwanni. Baƙo zai gan shi ɗanye a jibge, da ƙasa a jikinsa, zai kuma gan shi dafaffe a faranti a kan 'yan talla. Kada ya sayi na farkon da aka miƙo masa. Ya sa mai masaukinsa ya zaɓa, ya lura da yadda ake yi: a ɗauki guda, a matsa shi da yatsa biyu. Mai kyau yana tsagewa da kansa, cikinsa fari tas, gari-gari, zaren tsakiya ya zare ba gardama. Wanda ya yi gilashi-gilashi, ya ƙi fashewa, a mayar wa yarinya da abinta cikin mutunci, a ce, “'Yammata, canza mana wani.” Sai a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli mai yaji da gishiri, in da hali a ɗiga man gyaɗa, a yanka albasa a kai. A ci da hannu. Wanda ya nemi cokali mai yatsu, labarinsa zai riga shi isa tasha.

Ga inda baƙi ke faɗuwa. Rogo ba ya nuna ƙarfinsa nan take. Mutum zai ci guda biyu ya ce ai wannan abin taɓa ka lashe ne, ya ƙara uku, ya kora da ruwan randa. Rabin awa bayan nan sai ido ya yi nauyi, ƙafa ta ƙi ɗaguwa, wanda ya zo ganin gari ya ɓige da neman inuwar dalbejiya da tabarma. Ƙa'idar ita ce a tsaya tun ana marmari, a riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan, domin rogo yana shaƙe mai gaggawa, kuma a tuna cewa gaba akwai ƙosan rogo mai zafi daga kasko, akwai kwaɗon zogale, akwai tsire da la'asar. Ɗanyen rogo kuwa, ko an ga yara na gaigaya, baƙo ya bar musu. Akwai irin da ke da ɗaci mai guba, wanda sai an jiƙa an sarrafa kafin ya ciwu, kuma idon baƙo ba ya rarrabewa.

Ciniki a wannan kasuwa yana da ladabi. Ba a fara tambayar kuɗi kafin gaisuwa. “Baba, barka da kasuwa, ya iyali, ya ƙoƙari?” Sai an gama wannan a nuna buhu. In dattijo ya ce albarka, ba kora ba ce, gayyata ce a ƙara. Baƙon da ya fito daga Haɗeja ya shirya kunnuwansa, domin da zarar an ji daga inda yake, abokan wasansa Katsinawa za su ce yunwa ce ta koro shi, su kuma cika masa leda da gyara. Ya rama gwargwadon iyawarsa, amma kada ya mayar da gyaran.

Idan rogo ya sake shi, sai Ruma. Hakimin Batsari Sarkin Ruma ake ce masa, wannan kaɗai ya isa ya nuna wa baƙo inda tushen yake. Ruma tsohon gari ne na mayaƙa a bakin iyakar Katsina ta yamma, kuma sunan Ɗanwaire, barden ƙarni na 19, ba ya rabuwa da nata. A nan kogon Ruma yake, cikin duwatsu, wanda mutanen garin ke ba da labarin ya zama mafaka a zamanin yaƙe-yaƙe. Baƙo ya fara zuwa gaida masu gari, ya tuɓe takalmi a ƙofar zaure, ya ce ranka ya daɗe, ya faɗi abin da ya kawo shi. Za a haɗa shi da wanda ya san wurin. Ya ajiye babbar riga da takalmi sau-ciki a mota, dutse bai san Alhaji ba. Ya riƙe tocila, ya bar ɗan jagora ya shige gaba, kuma in jemage ya gifta kada ya yi ihun da zai zubar da girman garinsu. Mafi daɗin ziyarar ma ba cikin kogon yake ba, yana bakin dattijon da zai zauna a kan dutse ya kawo labarin dawakai da masu, wa ya kori wa, wa ya kwana a ina. Irin waɗannan dattawa suna ƙarewa, kuma ya kamata Hukumar Tarihi da Al'adu ta jihar ta riƙa ɗaukar muryoyinsu tun suna raye. Baƙo mai waya a aljihu zai iya fara nasa, bayan ya nemi izini.

Safana tana kudu da Batsari, ƙasar Yariman Katsina. A nan hankali ya koma kan nono. Yankin Runka da dajin Ruma da Kukar Jangarai makiyaya ce tun tuni, tana cikin wuraren da gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe wa makiyaya a shekarun da aka yi dokar wuraren kiwo ta 1965. Rikici ya rage shanun, ya tarwatsa rugage da yawa, amma ƙwaryar nono ba ta ɓace daga kasuwa ba. Baƙo ya nemi mai fura da ta jera ƙorai a inuwa, faifai a rufe, ya durƙusa ya ce, “Goggo, a dama mini.” Ya kalli aikin: za ta jefa curin fura a ƙwarya, ta zuba kindirmo, ta riƙa murje shi da bayan ludayi a jikin ƙwaryar har ya narke, ƙanshin citta da kanumfari na tashi. Za ta tambaye shi ko a sa sukari. Amsar mai hankali ita ce kaɗan, ko a'a, domin kindirmon kirki ba ya bukatar mai ceto. Kada ya tambayi injin markaɗe ko ƙanƙara. Kada kuma ya ce a tace masa gayan, gayan ne furar. In baƙon Babarbare ne, abokin wasan Fulani, ya san cewa kafin ya kai ludayi baki sai ya sha zolaya, kuma Goggo ba ta taɓa yin asara a irin wannan musu.

Fura a kan rogo, wannan sai jarumi. Wanda ya haɗa su a yini ɗaya ya manta da tuwon dare, sai dai mai masauki ba zai yarda ba. Za a kawo tuwon dawa ko na gero da miyar kuka, man shanu na yawo a kai. Cewa an ƙoshi ba ta karɓuwa a gidan Bakatsine. Dabarar ita ce a wanke hannu, a yi loma uku masu kyau, a yaba wa uwargida ta bakin maigida, sannan a jawo yaran gida su taya.

Teku dai babu, amma mai kwaɗayin kifi ba zai koma da haushi ba. Dutsin-ma na maƙwabtaka da Safana, kuma a ƙasarta madatsar ruwa ta Zobe take, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa. Tarwaɗa da karfasa, soyayye ko banda, da yaji a takarda. Mai hanzari zai iya wucewa ta nan ya kwana Dutsin-ma, garin da ya ƙara cika tun da aka buɗe jami'ar tarayya a 2011.

Saura tsaraba. Ɗanyen rogo ba ya jimirin ajiya, kwana biyu zuwa uku bayan tono sai ya fara baƙi a ciki, don haka kada baƙo ya ga araha ya cika bayan mota da niyyar ci har sallah. Ya sayi abin da gidansa da maƙwabta za su dafa gobe. Abin da zai daɗe shi ne ƙuli-ƙuli, man shanu a kwalba, garin kuka, daddawa, goruba da magarya don yara. Ya biya kuɗin da aka yi ciniki ba tare da ƙwauro ba, domin wanda ya noma abin nan ya noma shi ne da ido ɗaya a gona, ɗaya a bakin daji.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka zuwa farkon hunturu, amfanin gona ya shigo, hanya ta bushe, rana ba ta cizo. Mai niyya ya kira mai masaukinsa ranar Laraba ya ji lafiyar hanya, ya taso da sassafe ranar Alhamis, ranar da zai koma kuma ya kama hanya tun rana na sama.