Masu Gina Tasha a Sama, Kowa da Irin Haukansa

A shekarar 2013 wani kamfani da ke birnin Prague, Keen Software House, ya fito da wasan kwamfuta mai suna Space Engineers. Babu gimbiyar da za a ceto a ciki, babu kofin da za a ɗaga. Jefa ka ake yi sararin samaniya da injin walda da injin yanka da na haƙa, a ce ga duwatsu nan suna shawagi, haƙo ƙarfe ka gina abin da ranka ke so, tubali bisa tubali. Wanda ya san Minecraft ya san tsarin, sai dai tubalin nan yana da nauyi, yana lotsewa, yana tarwatsewa, kuma iskar da za ka shaƙa ma sai ka haƙo ƙanƙara ka tace ta. Mai hankali zai yi ɗan ɗakinsa a jikin dutse ya zauna lafiya. To, masu hankali ba su cika daɗewa a wasan nan ba. Sauran su ne ke haɗa ƙungiya su ce za su gina tasha, kuma daga nan halin kowa yake fitowa fili.

Wanda ke fara kawo maganar shi ne Babban Mai Buri. Tashar sararin samaniya ta gaskiya, wadda Amurka da Rasha da ƙawayensu suka fara harhaɗawa a 1998, tsawonta mita 109 ne, kuma ta ci shekara goma da ɗoriya kafin ta kai haka. Mutuminmu ya raina wannan. Tasa kilomita guda ce tsawo, kilomita guda faɗi, "don farawa". Kowane babban tubali a wasan mita biyu da rabi ne, wato tubali 400 a kowane gefe, daɓen ƙasa kaɗai tubali 160,000. Cikakken tubalin sulke marar nauyi yana cin farantin ƙarfe 25. Ka buga lissafi: faranti miliyan huɗu, ba a yi bango ko ɗaya ba. In ka gaya masa sai ya ce, "Haba malam, kai matsalarka ƙaramin tunani." Ranar farko zai shimfiɗa ƙwarangwal ɗin ginin har ido ya gaza ganin ƙarshensa. Mako na biyu ya soma cewa karatu ya yi yawa. Mako na uku ba ya ɗaukar waya. Abin da ya bari shi ne irin kangon nan na bayan gari da rodi ke leƙowa ta samansa shekara da shekaru, ga sunan mai shi kowa ya sani, ga shi ba a isa a rushe ba, wai zai dawo.

Wanda ke biyan kuɗin wannan buri shi ne Mahaƙi. Bawan Allah ne marar magana. Yana cikin rami tun da aka buɗe sabar, wato kwamfutar da ƙungiyar ke haɗuwa a kanta don yin wasan, ya san dutsen da ke da nikel, ya san inda kobal yake, shi ya gano yuraniyam bayan kowa ya haƙura. Bai taɓa ganin tashar daga waje ba. Abin da ya sani game da ita shi ne rumbun da yake juye kaya, shi ma kullum yana iske shi wayam.

Yana iske shi wayam ne saboda Mai Kwalliya. Wannan ba ruwansa da wuta ko iska. Shi dai fitilu: shuɗi a zaure, ja a ɗakin taro, wani launi tsakanin ruwan hoda da ruwan goro a makewayi, a tashar da babu mai buƙatar makewayi. Zai yi awa uku yana gyara kusurwar taga don rana ta faɗo daidai kan kujerar shugaba. Zai cire batir biyu saboda "sun ɓata fasalin bangon". Daren da wuta ta ɗauke, ɗakin magani ya mutu, wanda duk ya rasu ya rasa inda zai farfaɗo, sai ka same shi yana ɗaukar hoto. Wai duhun ya ƙara wa wurin kwarjini. In za a yi gaskiya, hotunansa ne kaɗai abin da zai rage daga tashar bayan wata shida, don haka ba na zaginsa sosai.

Abokin gabarsa na har abada Sarkin Bututu ne. A wasan nan kaya ba sa tafiya daga rumbu zuwa matatar ƙarfe, daga matata zuwa injin ƙera kaya, sai ta bututu, kuma shi kaɗai ya san yadda aka haɗa su. Tasharsa, in an bar shi, akwati ce mai kusurwa huɗu, launin toka, ba taga. Komai yana aiki. Ba mai son zama a ciki. Magana ɗaya yake yi wa kowa: "Kar ka taɓa." Wata rana wani ya juya matacin kaya guda ɗaya baibai, tsakuwa ta cika kowane rumbu, injin iska ya rasa ƙanƙara. Sarkin Bututu bai yi faɗa ba. Ya bi bututun ɗaya bayan ɗaya har asuba, ya gano wurin, sannan ya kafa allo a kowace ƙofa ɗauke da dokoki goma sha. Tun daga ranar ake gaishe shi da ladabi, ana kuma kauce masa.

Sai kuma wanda na fi jin tsoro, Mai Juye-juye. Ya ga tashar nan mai siffar zobe da ke juyawa a fim ɗin 2001: A Space Odyssey na 1968, zuciyarsa ta tafi. An gaya masa wasan yana da na'ura guda da ke sa ƙafar mutum ta kama ƙasa, tubali ɗaya, a ba ta wuta shi ke nan. Ya ce wannan aikin ragwaye ne. Dole zobensa ya juya. Sai ya ɗora zobe mai nauyin dubban tan a kan majuyi ɗaya, ya ƙara fistin a kan fistin don ƙofar ta riƙa buɗewa da salo. Duk tsohon ɗan wasa ya san abin da ke biyo baya. Lissafin motsi na wasan yana rikicewa idan irin waɗannan sassa suka matsi juna: ƙarfe ya fara rawar ɗari, ƙara ta tashi, sai ka ga rabin tasha ya yi gabas yana wulwulawa. 'Yan wasa sun raɗa wa wannan bala'i suna Clang, suna maganarsa tamkar wani aljani mai son a yi masa yanka, har kamfanin ya biye musu ya sa wani abin sha mai sunansa a cikin wasan. Mai Juye-juye ba ya ɗaukar darasi. Yana tsaye cikin ɓaraguzai zai ce, "Na gane inda kuskuren yake. Fistin ɗin ne bai isa ba." Wato zai ƙara.

Direba kuwa laifinsa ɗaya ne, amma kullum yake maimaita shi. Iyakar gudu a wasan mita 100 ne a daƙiƙa, kilomita 360 a awa ke nan, kuma a sarari babu abin da ke tsayar da jirgi sai injin da ke tura shi baya. Direba ya jera manyan injuna shida a bayan jirginsa, ya maƙala ƙarami ɗaya a gaba. Ya tafi fanko, ya dawo shaƙe da ƙarfe, nauyi ya ninka, shi kuwa ya taka birki a daidai inda ya saba. Daƙiƙa biyar ɗin ƙarshe za ka ji muryarsa a kunne, a natse: "Jama'a, wa ke cikin garejin?" Ba tambaya ba ce, ta'aziyya ce. Bayan an share wurin zai ce intanet ɗinsa ne ya tsinke.

Akwai ƙananan masu laifi da ba su cancanci dogon bayani ba. Mai buɗe ƙofa biyu na zauren iska a lokaci ɗaya, alhali mutane sun cire hular kwano suna hira. Sarkin Yaƙi, wanda ya dasa bindigogi masu sarrafa kansu a kowane lungu tun kafin a ga maƙiyi, gawar farko da suka yi kuwa ta sabon ɗan ƙungiya ce da ya zo gaisuwa ba a gama rajistarsa ba. Da kuma baƙon da aka ba injin yanka aka ce ya rage wancan tubalin, ya rage wanda ke riƙe da ɓangaren sola gaba ɗaya, yana kallon ɓangaren yana tafiya a hankali, yana tambaya ko haka aka tsara.

Na kusa mantawa da Gwani. Shi yakan ɓace kwana biyu ya dawo da tasha cikakkiya, mai kyan da ba a taɓa gani ba, ya ce daren jiya ya zana ta. A Steam Workshop ya sauko da zanen wani, ya sa majigi ya haska masa siffar, ya bi da walda. Ba laifi ba ne, don hakan ne aka yi wurin. Abin dariyar shi ne in ka tambaye shi ina makunnin fitila. Sai ya shiga zagaye cikin gidansa yana buɗe ƙofofi, a wani ɗakin ma allon bango yana gaishe shi da Rashanci.

Duk wannan hayaniya a kan mutum ɗaya take sauka, mai riƙe da sabar, wanda ke biyan kuɗin haya daga aljihunsa duk wata. Shi ba ya gini. Lamba ɗaya yake kallo, wadda ke nuna saurin tafiyar wasan: in tana 1.0 lafiya lau, in ta gangaro rabi kowa zai riƙa tafiya a hankali, walda ta ƙi ci, saƙonni su fara shigo masa. Kowa ya rantse ba gininsa ba ne. Mai Kwalliya ya ce bututu ne, Sarkin Bututu ya ce fitilu ne, Mai Juye-juye ya yi shiru, abin da bai saba ba. Sai mai sabar ya yi sanarwa cewa ranar Asabar zai share duk ginin da aka yi wata guda ba a taɓa ba. Daren Juma'a, ƙarfe sha ɗaya da rabi, Babban Mai Buri ya bayyana bayan wata huɗu, ya yi wa tubali ɗaya walda, ya rubuta "aiki na tafiya", ya fita.