Jan Fenti a Bangona

Tun da aka kaɗa ƙuri'ar raba gardama a watan Disambar 2018, aka yanke jihar Arewa maso Gabas daga jihar Arewa a nan Ghana, Nalerigu kuma ta zama hedikwata a 2019, garinmu ya cika da baƙi masu takalmi sau-ciki da jakar kwamfuta. Duk ma'aikacin da ya sauka daga motar Walewale tambayarsa ɗaya ce: ina zai samu ciki da falo mai banɗaki da kicin a ciki, don kada ya ratsa tsakar gida da buta a hannu yana amsa gaisuwa. Ni kuwa ina da fili a bayan gida, inda awakin uwargida ke kwana ba su biyan ko kwabo.

Na kira birkila. Na tambaye shi, cikin natsuwa, ko aikin na bukatar wata takarda. Ya ajiye cokalin gininsa ya dube ni da tausayi.

"Alhaji, gidan wa?"

"Nawa."

"Filin wa?"

"Na kakana."

"To izinin wa za ka nema, na awakin?"

Hujja ce mai ƙarfi, har yau ban ga inda ta karye ba. Kuɗin siminti kuma ya zo da kansa. Wani saurayi ma'aikaci ya ji labari, ya biya ni hayar shekara biyu tun ana haƙa harsashi. Dokar haya ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da ta wata 6 a gaba, amma yaron ne ya nace, kuma ni ba a raine ni da mayar da hannun kyauta baya ba.

Gini ya kai kan taga, sai wata safiya na dawo daga masallaci na tarar an rubuta wa bangona wasiƙa da jan fenti, da manyan baƙaƙen Turanci, cewa a tsayar da aiki a kawo takardar izini. Duk mai yawo a garuruwan Ghana ya san wannan rubutu. Ban dai taɓa lura da yadda ake hango shi daga nesa ba. Kafin hantsi mutane sun fara shigowa yi mini jaje. Birkila kuma ya tuna yana da biki a Yendi.

Ga wani abu game da garinmu: gwamnatin jiha tana Nalerigu, fadar Nayiri sarkin Mamprugu tana Nalerigu, amma majalisar ƙaramar hukuma tana Gambaga, tafiyar kilomita kamar 8. Can na hau babur na nufa, da babbar riga, don a san ba yaro aka aiko ba. Jami'in da na samu mutum ne mai ladabi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan, domin na shirya faɗa. Ya ba ni kujera, ya bayyana mini cewa a dokar tsara amfani da ƙasa ta 2016, da ƙa'idojin gini na ƙasa na 1996, ƙari a jikin tsohon gida ma gini ne. Ana son shaidar mallakar fili, da taswirar fili daga safiyo mai lasisi, da zanen ginin da sa hannun masani, sannan kwamiti ya zauna.

Na gyara zama na kawo masa tarihi. Na ce ganuwar da Naa Jeringa ya gina a Nalerigu, wadda ake cewa da zuma da madara aka kwaɓa ƙasarta, har yau ga ragowarta a tsaye, masu yawon buɗe ido na ɗaukar hoto. Wa ya ba shi takarda?

Ya ce, "Baba, shi Nayiri ne. Kai fa?"

Na ce ni tela ne. Ya miƙo mini fom.

Shaidar mallaka ita ce ta fara kwance mini rawani. Kakana falke ne na goro, daga Salaga ya zo, ya kai gaisuwa fada, aka nuna masa wuri aka ce ya zauna. Takardarsa ita ce goron da aka ci, shaidunsa kuma duk suna maƙabarta. A arewacin Ghana ƙasa a hannun sarakuna take, don haka sai da na koma inda ya fara: na cire takalmi, na durƙusa gaban dattawa, na miƙa goro, wanda a zamanin nan ba a tauna shi, a aljihu ake sa shi. Sun san kakana fiye da yadda na san shi. Ɗaya ma ya tuna yana binsa kuɗin jaki. Aka dai rubuta mini takarda.

Safiyo ya zo da na'urarsa mai ƙafa uku, yara na biye da shi. Ya leƙa, ya rubuta, ya sake leƙawa, ya ce kusurwar sabon bangon ta shiga filin maƙwabcina da kamu ɗaya. Wannan maƙwabci, dattijo Bamampurushe, tun ina yaro muke cin naman sallar juna, bai taɓa sanin yana da wannan kamu ɗayan ba. Da ya ji, sai ƙaunarsa ta kama shi. Ya ce iyakarmu itacen ɗorawa ce. Na ce wace ɗorawa? Ya ce wadda aka sare a shekarar yunwa, 1983. Muka tsaya mu biyu da furfura muna nuna wa safiyo inda inuwarta take faɗuwa da la'asar. Daga ƙarshe aka rushe kusurwar, falon ya zama mai kafaɗa ɗaya.

Sai duba-gari. Ya auna daga ramin masai zuwa rijiyarmu da taku, ya ce in ba so nake iyalina su riƙa shan abin da ɗan haya ya rage ba, a matsar da ramin mita 30. Gaskiya ce, ban musa ba. Amma duk gidan in ka auna mita 30 daga rijiya, a madafar uwargida kake sauka.

"Malam," in ji ta, "ka kori awakina na yi shiru. Taɓa murhun nan ka gani."

Aka kai ramin can gefen zaure, aka ja bututu mai tsawo da ya ci kuɗin tagogi. Birkila, wanda ya dawo daga biki da ya ji an fara biyan kuɗi, ya kafa masan zama fari tas. Na gayyato liman ya sa albarka. Ya shiga, ya fito, ya dubi rana, ya ja ni gefe.

"Alhaji, wanda zai zauna a kan abin nan, ina zai fuskanta?"

Gabas. Alƙibla sak. Zanen da kwamiti ke dubawa a Gambaga bai san da wannan ba, liman kuma bai san da kwamiti ba, ni ne kaɗai na san su duka. Aka fasa siminti, aka juya masai ya kalli kudu, wajen Tamale, inda babu wanda zai yi ƙorafi. Sai dai yanzu ƙofar banɗakin ba ta rufuwa sai mai zama ya ɗaga gwiwa.

Takardar izini ta fito da hatimi, na sa ta a firam. Na shafe jan fentin da shuɗi har hawa biyu. Saura kwana kaɗan ɗan haya ya tare, sai ga mota ta tsaya a ƙofar gida, aka sauko da Gwaggo, ƙanwar mahaifina, daga Salaga. Ta zo ganin likita a asibitin Baptist, wanda tun 1958 mutane ke zuwa masa daga nesa, har daga Togo da Burkina Faso. Ta ce kwana biyu za ta yi. Ta zaga gidan tana dogara sanda, ta tsaya a sabon ɗaki, ta shafa bango.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Ashe ka san ina tafe."

Na buɗe baki in yi bayanin haya. Ta ce filin ubanta ne, a nan aka yanke mata cibi, daidai inda na sa kicin. Babu fom ɗin da ake cikewa a kan wannan.

Ɗan haya ya zo da katifarsa da rasit ɗin shekara biyu. Yanzu shi ke kwana a turakata, ni ina zaure, kusa da ramin. Gwaggo ta warke sarai tun kafin bikin Damba, ta aika Salaga a kawo mata turminta. Banɗakin kuwa ta ce ita ba za ta yi bayan gida a ɗakin da take salla ba, tsohon masai na tsakar gida ya ishe ta. Ta sa an rufe farin masan da faifai, ta jera buhunan masara a gefe, zabinta guda biyu suna ƙwai a wurin wanka.